Kada yaranmu su sauka Akra ba mai masauki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin iyaye da shugabannin ƙasar Adar, inda kowace shekara, da zarar an zuba gero a rumbu, samarin Tawa da Illela da Keita da Buza suke ɗaukar jaka su nufi Kurmi ci-rani. Ana yawan tattauna kuɗin mota da haɗarin hanya, amma ba a cika maganar ranar da yaro zai sauka a babban birnin wata ƙasa ba, alhali a ganina wannan yini guda shi ke nuna ko tafiyar za ta yi albarka ko za ta lalace. Zan ɗauki Akra, babban birnin Gana, domin can na yi harkar albasa, can kuma na sha tarbar baƙi.

Wanda ya ratso Burkina Faso, ya ƙetare iyaka a Paga, ya wuce Bolgatanga da Tamale da Kumasi, ba ya isa Akra sai a galabaice, sau da yawa da dare ko da asuba. Faransancin da ya koya a lakwal ba zai amfane shi a tasha ba, domin Ingilishi da Tuwi da yaren Ga ake yi, agogonsa kuma yana gaba da na garin da awa ɗaya. Babbar matsalar ita ce lambar ɗan uwan da zai tarbe shi tana cikin waya, wayar kuwa ta mutu tun a hanya, ko kuma layinta na Nijar ya daina aiki. Na sha ganin saurayi zaune a kan jakarsa tun hantsi har la'asar, yana kallon kowane mai wucewa, ba ya iya faɗin sunan unguwar da ya nufa, domin abin da aka gaya masa a gida kawai shi ne wansa yana Akra.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne aka fi cutar baƙo. Sefar da ya yi cefane da ita a Wagadugu ba tare da wani tunani ba, amfaninta ya ƙare a Paga, daga nan sai sidi. A shekarar 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, ta yadda tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, amma har yau akwai ƴan kasuwa da ke lissafi da tsohon ƙidaya, sai a ce maka miliyan ɗaya alhali sidi 100 ake nufi. Mu kuma mun taso muna ƙirga kuɗi da dala da jika. Yaron da bai yi barci ba, yana juya dala zuwa sefa, sefa zuwa sidi, mai canji kuma yana gaggauta shi, ba wuya ya rabu da rabin guzurinsa kafin ya karya kumallo. Ba ina cewa ƴan canjin Akra sun fi na wani wuri rashin amana ba. A kowace tasha ta duniya, har da tamu, baƙon da ba shi da ɗan gari a gefensa shi ake yi wa tsada.

Ilimin da iyaye ke bai wa ƴaƴansu ma ya tsufa. Dattijon da ya bar Gana shekaru da dama zai ce wa ɗansa ya nemi kasuwar albasa ta Agbogbloshie, inda motocin Galmi ke sauke kaya, a can zai iske mutanen gida. Ga shi kuwa tun 2021 hukuma ta tashi wannan kasuwa ta mayar da ita Adjen Kotoku, can bayan gari, nesa da inda yaron ya tsaya yana tambaya.

Abin takaicin shi ne Akra tana cikin biranen da bai kamata Bahaushe ya yi maraici a cikinsu ba. A Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, Hausa ce harshen titi da na masallaci, kuma da sassafe za ka tarar da mai koko da ƙosai a bakin hanya, tana zuba maka a leda tana tambayarka mutanen gida. Kakanninmu ba sa shiga zango sai da sunan mai gida a bakinsu. Shi ne ke ba baƙo ɗaki da tuwon dare, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da mai saye ko mai aiki, idan kuma rigima ta taso ya tsaya masa a gaban sarkin zango. Wannan tsari bai mutu ba, sai dai samarin yanzu sun ɗauka cewa waya ta wadatar da su, suka daina neman a miƙa su hannu da hannu.

Akwai kuma batun takardu, wanda ya ƙara nauyi tun ranar 29 ga Janairu 2025 da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata. Ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta har zuwa wani lokaci, amma wannan rangwame ne da za a iya janyewa. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin firaministan Gana Busia ba, kuma a watan Mayu na 2025 jami'an shige da fice na Gana sun kwashe baƙi sama da 2,000 daga titunan Akra a samamen mabarata, galibinsu ƴan Nijar. Yaron da ya kwana a bakin titi a darensa na farko, ba katin shaida, ba katin rigakafin shawara, ba mai cewa baƙona ne, jami'i ba zai tsaya bambanta shi da mabaraci ba.

Saboda haka nake kira ga ƙungiyoyin Adarawa mazauna Gana da su haɗa kai da ofishin jakadancinmu na Akra, su ware mutane sanannu da za a riƙa samu a manyan tashoshin da motocin arewa ke tsayawa, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu. Gidajen rediyon Tawa da Ƙonni da Madawa su ma su keɓe ɗan lokaci bayan girbi, su gayyato waɗanda suka dawo kwanan nan su bayyana farashin canji da takardun da ake tambaya. Iyaye kuma kada su sallami yaro sai an yi magana da wanda zai tarbe shi, an rubuta sunansa da unguwarsa da lambarsa a takarda, an kuma gaya masa ya canza abin da zai ishe shi mota da abinci na kwana biyu tun a bakin iyaka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ɗan kasuwar albasa, daga Tawa