Wasiƙa kan latas ɗin bututu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya sanyin Kano? Mu nan sai godiyar Allah. Hotunan bututan da ka jera a bayan gida kana noman latas a cikin ruwa ba ƙasa sun iso, latas ɗin ya yi kyau, ma sha Allah. Amma da na karanta cewa ruwan rijiyar gidan kake zubawa, ga ku kusa da majemun Sharaɗa, sai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ka san a gona ƙasa takan riƙe wani kaso na ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom, musamman mai laka da takin gargajiya. A bututu kuwa duk abin da ke cikin ruwan kai-tsaye yake isa saiwa. Ga shi ruwan latas ana so ya ɗan yi tsami, ma'aunin pH tsakanin 5.5 da 6.5, kuma a irin wannan ruwa ƙarafan nan sun fi narkewa.

Saiwa ce ke fara nunawa, don haka ka riƙa ɗaga kofin da tsiron ke ciki kana dubawa. Mai lafiya fara ce sol, doguwa, da ƙananan gashi. Wadda ta sha guba takan daina tsawo, ta koma ruwan ƙasa. Dalma da kuromiyom, ƙarfen da ake jimar fata da shi, galibi a nan suke maƙalewa. Kadmiyom ne shu'umin. Yana bin ƙofar da tsiro ya tanada don shigar tutiya da sinadarin ƙarfe, kamar ɗan gayyar soɗi a gidan biki, ya haye har ganye. Sai sababbin ganyaye su fara rawaya, mai shuka ya ɗauka taki ne ya yi ƙaranci, ya ƙara zuba wani.

Abin da ya fi damuna shi ne latas da alayyaho suna da juriya. Tsiron yana haɗa wasu sinadarai da ke ɗaure kadmiyom, ya tura shi cikin 'yan aljihunan da ke ƙwayoyin ganyen, ya ci gaba da girma abinsa. Idan gubar ba ta yi yawa ba, ganyen zai fito kore shar, ka tsinka ka kai wa Hajiya ta yanka da tumatir da ƙuli-ƙuli. Wanki ba ya fitar da ita, tafasa ma ba ta kashe ta. Iyakar da Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta gindaya wa ganyen ci ita ce miligiram 0.2 na kadmiyom a kilo guda, abin da ido ba zai taɓa gani ba. A jikin mutum kuma kadmiyom a ƙoda yake zama, ya shekara goma ko fiye. Shi ne ya lalata ƙasusuwan manoman Toyama a Japan, ta shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu, har gwamnatinsu ta amince a 1968 cewa shi ne ya haddasa cutar.

To, kafin ka sayar wa kowa, ɗebi ruwan a gora mai tsabta ka kai ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ka ce musu dalma da kadmiyom da kuromiyom kake so a duba. Ka haɗa da takin da kake narkawa, don takin fosfet ma wani sa'in yakan zo da kadmiyom. Kafin sakamako ya fito, gara ka sayi ruwan da aka tabbatar da shi, ko da zai ci maka kuɗi.

Ka turo min hoton saiwar. A gaishe min da Hajiya da yara.

Naka,
Amininka