Wasiƙa zuwa ga Umma: wasan da na haɗa wa jikokinki saboda sanyi

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Mu ma lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Kin tambaye ni a waya yadda nake yi da yaran tunda ba sa fita, kuma na ji damuwa a muryarki, shi ya sa na zauna in rubuto miki a tsanake. Umma, sanyin garin Winnipeg, a nan Kanada, a watan Janairu ba irin wanda ake barin ƙaramin yaro ya daɗe a cikinsa ba ne. Ma'auni yakan sauka digiri 20 ƙasa da sifili, wata rana har 30, in kuwa iska ta haɗu da shi, duk inda ba a rufe ba a jiki yana iya daskarewa cikin mintuna. A Disamba ma wajen ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Sai takwararki da ƙanenta su yini a ɗaki, ƙarfi ya cika musu jiki, ba inda za su sauke shi sai a kan kujeru da labule da junansu.

Da na miƙa musu waya da sun yi shiru, amma raina bai kwanta da haka ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini, sannan yaro ya sami motsa jiki na awa 3 a rarrabe cikin yininsa. Awa uku fa, Umma, ga mu a kulle!

To ga dabarar da na yi. Yaran nan ƙasar sukan tara dusar ƙanƙara su gina mutum-mutumi a ƙofar gida, takwararki kullum tana leƙensu ta taga. Sai na samo babban kwali, da dare bayan sun yi barci na yanka masa baki mai faɗi da ramuka uku a ciki, na bi gefen yankan da salatef don kada ya karce su. A baya na buɗe 'yar ƙofa. Sauran aikin kuwa su na bar wa. Na ba su farar takarda su yayyaga su liƙa da gam ɗin yara mara guba, ita ta zana idanu, shi ya ɗora masa tsohuwar hular sanyi. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ban gyara ba, don da hannunta ta yi, shi ya sa take ji da shi. Ƙwallayen kuma tsofaffin safa ne na nannaɗe, ba sa fasa komai, ba sa ji wa kowa ciwo.

Wasan ɗaya ne, amma kowa da nasa salon. Ita da ta kai shekara uku tana tsayawa bayan layin da na ja a ƙasa, ta jefa, ta ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, da Hausa nake sa ta yi. Ramukan nan uku na zagaye su da ja da shuɗi da kore, in na ce ja sai ta nemo safa mai ja ta saka. Shi kuwa ƙaramin ba ruwansa da layi. Zai tako har bakin kwalin ya cusa da hannu, ya zagaya baya ya kwashe, ya sake dawowa, yana ta ƙyaƙyata dariya. Kwashewar ma ta fi yi masa daɗi. In sun watsar da safar, tattaro ta kaɗai gudu ne da sunkuyo da rarrafe ƙarƙashin tebur, motsin da nake nema ke nan.

Na san za ki yi tunanin haɗiya, tunda yaron komai baki yake kaiwa. Na kiyaye. Duk abin da zai iya wucewa ta kwalin tsakiyar tishu ba na sa shi a wasan, don haka babu maɓalli, babu duwatsun ado, babu guntun auduga. Ƙananan batira masu kama da kwabo da kuma maganaɗisu ko kusa ba na bari, waɗannan in yaro ya haɗiya sai asibiti da gaggawa.

Abin da na lura shi ne, in na tashi na bar su, ba a jimawa wasan ya mutu. Suna so in zauna a ƙasa, in tafa in ta ci, in yi murya kamar mutumin kwalin yana cewa a ƙaro masa. A nan babu 'ya'yan maƙwabta da za su shigo, ni ce abokiyar wasan, kuma wallahi ina jin daɗin zaman nan da su. In na ga sun fara gundura sai in ɓoye kwalin kwana biyu, in ya fito su tarbe shi da ihu.

Ranar Juma'a zan kira ki ta bidiyo ki ga jifar takwararki, ta ce ke za ki ƙirga mata. Babansu yana gaishe ku. A gaida Baba da ƙannena, a ci gaba da sa mu a addu'a.

'Yarki.