Gyaɗar da aka tsince, cikin wa take ƙarewa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu, tunda kaka ta kawo kai, nan da 'yan makonni za a fara cirar gyaɗa da karyar masara a Kumo da Deba da Billiri da sauran yankunanmu na Gombe. Maganata a kan funfuna ce, da gubar da take bari a cikin abinci.

Kowace shekara malaman gona suna faɗa a rediyo cewa a busar da amfani sosai, a tsince marar kyau. Gaskiya suka faɗa. Sai dai ban taɓa jin wanda ya tambayi inda marar kyan take zuwa ba. Ni kuwa ina gani, domin saye da sayar da hatsi ne sana'ata. Idan dillali zai haɗa lodi zuwa Kudu ko zuwa kamfani, sai ya tara mata su zauna da faifai suna fitar da baƙa, da wadda ta yamutse, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda in ka ɓara za ka ga kore-koren gari a tsakiyarta. Mai kyau ta shiga mota. Wadda aka fitar kuwa ko ƙwaya ɗaya ba a zubarwa. Aunawa ake yi a mudu a sayar da araha. Daga nan sai injin markaɗe, a matse mai, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙulin da yaro zai saya a ƙofar makaranta, ko a daka a yajin tsire, ko a kwaɗa zogale da shi. Wadda ta fi lalacewa a watsa wa kaji ko a haɗa wa shanu da dusa. Wato mun tace gubar daga buhun mai kuɗi, mun tattara ta wuri ɗaya, mun miƙa wa talaka da 'ya'yansa.

Funfunar da ke wannan ɓarna, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, a cikin ƙasar gona take zaune. Tana samun ƙofa ne idan ruwa ya ɗauke a ƙarshen damina ƙasa ta yi zafi gyaɗa ta wahala, ko gara ta ci ɓawon, ko fartanya ta sare shi wajen cira. Sai kuma mu ƙarasa mata aikin da hannunmu: a tara gyaɗa tsibi da danshinta, a shanya masara a ƙasa raɓa tana sauka, a ɗure a buhu tun ba ta bushe ba saboda ana sauri a kai kasuwa. Gubar da take fitarwa, afalatoksin, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Mai ƙuli za ta ce ai na soya a tafasasshen mai. Funfunar ce ta mutu, gubar tana nan. Kuma idan aka matse gyaɗa, mafi yawan gubar a tunkuza take zama, ba a man ba.

Ba sabon ilimi ba ne. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil, binciken wannan ne ya kai ga gano gubar. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda masarar da aka adana da laima. Amma ni ba irin wannan mutuwar farat ɗaya ce ta fi tayar min da hankali ba, domin ita kowa zai gani, a yi ihu, hukuma ta zo. Wadda ake ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru ita ce matsalar. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa afalatoksin a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, kuma hanta take kamawa. Idan mutum yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ba baƙuwa ba ce a nan Arewa, haɗarin yana ninkawa sau da yawa. Binciken da aka yi a Jamhuriyar Binin da Togo ya kuma nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa, musamman bayan yaye, lokacin da ake ɗora su a kan kunu. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar dusa ma tana fitar da wani kaso a nononta.

Ba na ganin laifin mai ƙuli. Jarinta bai taka kara ya karya ba, in ta sayi zaɓaɓɓiya ba za ta fita ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani. Manomi ma haka. Ka ce masa ya binne ko ya ƙone mudu goma, alhali wanda ya busar da kyau da wanda bai busar ba farashi ɗaya suke samu, kai mai laimar ma ya fi nauyi a sikeli. Laifin ya fi rataya a wuyanmu mu 'yan kasuwa, da muka san dalilin da ya sa kamfani yake mayar da kaya, muka kuma san inda kayan suke komawa. Araha dai ba ta ado.

Abin takaicin shi ne maganin a ƙasar nan aka samar da shi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fito da Aflasafe, kuma NAFDAC ta yi masa rajista. Ƙwayar dawa ce da aka kashe don kada ta tsiro, aka shafe ta da irin wannan funfunar amma nau'in da ba ya yin guba, aka rina ta shuɗiya don kada a ci. Ana watsa kilo 10 a hekta makonni 2 zuwa 3 kafin amfani ya fara fure, sai marar gubar ta riga mai gubar mamaye gonar. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Yanzu a shiga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe a tambayi manoman da suka kawo kaya, mutum nawa ne suka taɓa jin sunansa? Da ana raba shi tare da taki, a haɗa da tamfol na shanya, da an yi nisa.

Kafin nan akwai abin da ba ya cin kuɗi. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, a kifa ta 'ya'yan suna sama, kada a ɗure sai an girgiza an ji tana ƙara a cikin ɓawo. Buhu ya hau katako, kada ya jingina da bango. Masu yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓara su ji tsoron Allah su bari. Iyaye kuma su tabbata an yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa, kyauta ce a asibitin gwamnati.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, ku tura wakilinku na Gombe ya bi sawun buhu ɗaya na gyaɗar da aka fitar, daga wajen tsinta har inda aka cinye ta, ku kai samfuri a auna, ku buga sakamakon da Hausa. Sannan ku tambayi ma'aikatar gona da ta lafiya ta jiha ko za a iya ajiye na'urar gwaji a manyan kasuwannin hatsi, yadda mai kaya mai kyau zai samu shaida da ƙarin farashi. Idan wakilin naku ya zo a watan Nuwamba, zai tarar ana tsinta.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi, daga Gombe