A Tambayi Inda Kuɗin Baiko Ya Fito

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon ɗan fili a wannan shafi in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman masu hawa bagade su yi mana wa'azi. Ni kafinta ne, ban yi makarantar tauhidi ba, amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wa'azin ushiri da baiko kam muna shan sa. Ban ƙi ba, aikin ikilisiya ba ya tafiya da iska. Sai dai da wuya ka ji an tambayi ta wace ƙofa kuɗin ya shigo aljihun mai bayarwa. Mutum zai fito gaban jama'a ranar Lahadi da ambulan mai kauri, a tafa masa, a sa masa albarka, alhali yaran da ke masa aiki sun yi watanni ba su ga albashinsu ba. Dattawan ikilisiya sun sani sarai, amma sai kowa ya yi gum.

Littafi Mai Tsarki dai bai yi gum ba. Littafin Firistoci 19:13 ya hana a kwana da ladan ma'aikaci. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya shi kafin faɗuwar rana, ta kuma ba da dalili: matalauci ne, ransa na kan wannan kuɗin. Wasiƙar Yakubu ta ce hakkin masu girbi da aka danne kuka yake yi, kukan kuma ya isa kunnen Ubangiji. Wanda ya fi tsorata ni shi ne annabi Amos, a sura ta 8. 'Yan kasuwar da ya yi wa faɗa ba marasa addini ba ne, suna kiyaye Asabar. Suna zaune ne kawai suna ƙosawa ranar ta wuce su koma su rage mudu, su murɗe ma'auni, su haɗa har sharar alkama su sayar wa talaka. Ibadarsu ba ta taɓa ƙetare bakin ƙofar ɗakin sujada ba.

Kada a ce masu kuɗi kawai nake nufi. Mu masu sana'ar hannu ma muna da namu. Ɗanyen katako ya fi busasshe araha, kuma in ka goge shi ka shafa masa fenti, mai saye ba zai bambance ba. Sai bayan 'yan watanni ƙofar kabad ta lanƙwashe ta ƙi rufuwa, gaɓoɓin su saki. A lokacin kuɗi ya daɗe da narkewa. Haka wurin da ya kamata a fafe katako a haɗa shi da gam, sai a buga ƙusa biyu a rufe da fenti, tunda can baya ne, jikin bango. Ga kuma cin kafin alƙalami: a karɓi kuɗin wannan a gama aikin wancan, mai kaya ya zo a ce masa gobe, goben kuma ba ta da ranar zuwa. Wanda yake yin haka yana iya zama shi ne mai jan baki a ƙungiyar mawaƙa. Ban taɓa jin an kira wannan zunubi daga bagade ba, alhali ƙarya ce da sata a haɗe.

Abin mamaki, Ubangijin da muke bi mutanen garinsu da sana'arsa suka san shi. A Markus 6:3 cewa suka yi, ashe wannan ba masassaƙin nan ba ne? Bulus kuwa ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Biriskilla. Da masu karɓar haraji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu su bi shi jeji ba. Ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kuma ya ce kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Tuban da ya nema a bakin aikinsu yake.

Magabata a bangaskiya sun gane wannan. A ƙarni na 6, Benedikt ya rubuta wa 'yan zuhudunsa a Italiya cewa in za su sayar da abin da suka ƙera, su ɗan sassauta farashi ƙasa da na sauran mutane, domin a ɗaukaka Allah cikin kome. A 1520 Martin Luta ya ce baduku da maƙeri da manomi kowa na da hidimarsa, kuma a gaban Allah ba su gaza limamai ba. 'Yan ɗariƙar Quaker a Ingila sun yi suna tun ƙarni na 17 da yanka farashi ɗaya ga kowa. Da fari an guje su, daga baya mutane suka gane ko yaro suka aika shagonsu ba za a cuce shi ba, ciniki ya komo musu. Jon Wesli, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya ce a nemi kuɗi iya iyawa, a adana iya iyawa, a bayar iya iyawa. Masu ambaton maganar sukan tsallake sharaɗin da ya gindaya, cewa kada neman ya cuci lafiyarka, ko ranka, ko maƙwabcinka. A 1891 Paparoma Liyo na 13 ya ce ko da ma'aikaci ya yarda da ƙaramin lada don yunwa ta matsa masa, yardarsa ba ta wanke mai aikin daga zalunci ba.

Yanzu kuma ga wani wa'azi ya yi kasuwa, wai ka shuka iri a hannun bawan Allah arziki ya sauko maka. Na ga saurayi da ya ɗebi jarinsa ya shuka, ya koma gida yana jiran girbi. Da an koya masa rubuta shiga da fitar kuɗinsa, da cika alkawarin ranar da ya ɗibar wa mai kaya, da ya fi masa amfani. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Amma a lura, wanda ya ƙi ne, ba wanda ya nema ya rasa ba. A misalin masu aikin gonar inabi a Matiyu 20, waɗanda suka wuni a tsaye a kasuwa cewa suka yi ba wanda ya ɗauke su aiki, mai gonar kuwa bai zage su ba, ya ɗauke su ya biya su ladan yini cikakke. Kada mu ɗauki aya mu doki matasan da ke yawo da takardu ba aiki.

Roƙona ga fastoci da dattawa ba mai wuya ba ne. A ware Lahadi ko da ɗaya a shekara a yi wa'azi a kan albashi, da mudu, da bashi, da cika alkawari, a kira kowane abu da sunansa. In mai hali ya zo zai yi babbar godiya, dattijo ɗaya ya ja shi gefe ya tambaye shi cikin ladabi ko ya sallami ma'aikatansa. In bai sallame su ba, a ce ya koma da ambulan ɗin ya biya su tukuna, godiyar ta jira mako mai zuwa.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani kafinta mai karanta jaridarka