Sanarwa ga masu tattakin gaɓar teku

Barkanmu da warhaka ƴan uwa. Tafiyarmu daga Porto a Fotugal zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya kusan kilomita 280 ce, wajen mako biyu a ƙafa.

Za mu yada zango a Viana do Castelo. Don Allah kada kowa ya wuce bai leƙa Gil Eannes ba, jirgin ruwan asibiti da aka ƙera a 1955 don jinyar masunta a tekun Girinlan. Har ɗakin tiyatarsa yana nan. Ni dai ko don shi kaɗai zan je.

A Caminha da kwalekwale za mu ƙetara kogin Minho. Mai son takardar shaidar kammala tattakin, wadda ake bayarwa a Santiago, dole a buga masa hatimi biyu kullum a ɗan littafinsa na tattaki a kilomita 100 na ƙarshe. Sabon takalmi kuwa, a bar shi a gida.