Wasiƙar Godiya ga Shagon da Ya Tayar Mini da Injin Yankan Fata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Injiniya da yaran shagonsa na gyaran kayan lantarki da ke yankin Sabon Gari a Kano. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a? Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi muku a shago ba ta ishe ni ba. Injiniya ya ce kada in sa sunansa, na kuwa bi maganarsa, amma duk mai sana'ar da ya neme ni zan raka shi har ƙofar shagon.

Ni baduku ne, gadon dukanci na yi. Ina yin saman takalma da jakunkuna da walat da maƙalan makulli, kayan aiki kuma a Ƙofar Wambai nake saye. Masu biki yanzu sunan ango da amarya suke so a kan kowane abin rabo, ɗaruruwa, duka iri ɗaya, hannu kuwa ba ya fitar da wannan a kan lokaci. Injin leza na kanti, wato mai rubutu da yanka da haske mai ƙuna, ya fi ƙarfin aljihuna. Shi ya sa ni da ƙanena, wanda ya taɓa karatun kwamfuta, muka haɗa namu: firam na alminiyom, moto biyu irin NEMA 17, bel mai haƙora, allon Arduino Uno wanda shi ne ƙwaƙwalwar injin, da wani allon da ake ɗora masa a kai mai suna CNC Shield, sai kan leza mai shuɗin haske da muka yi oda ta intanet. Muka zuba masa manhajar GRBL mai tuƙa injin, muka kunna. Kan yana tafiya, amma haske ko ƙyas. Ran da muka matsa masa ya haska, sai ya ƙi mutuwa, yana ƙona fata har a hanyarsa ta zuwa inda zai fara rubutu.

Wuraren da na fara kai shi, maganarsu ɗaya ce: wannan haɗin gida ne, ba ya gyaruwa, a tara kuɗi a sayi na kamfani. Ku ne kuka ce a sauke shi a kan tebur. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ku kwance ko noti ɗaya ba sai da kuka ɗauko mita kuka auna, kuka sa ƙanena ya buga $$ a kwamfuta, saitin injin ya fito gaba ɗaya, kuka karanta shi layi-layi.

Matsalar hasken ba ta ɗauke ku lokaci ba, kuma ina so masu irin wannan injin su ji ta. A jikin CNC Shield samfurin 3 akwai wurin da aka rubuta SpnEn, wato wurin kunna bakin yanka, duk mai hankali nan zai jona wayar leza. To, ashe tun daga GRBL 0.9 an yi musayar ƙafa biyu: siginar da ke rage ƙarfin haske da ƙara shi ta koma ƙafa ta 11 ta Arduino, wadda a allon aka rubuta mata Z+. Rubutun allon na tsohon tsari ne, manhajar kuma sabuwa. Kuka mai da wayar can, kuka haɗa baƙar wayar leza da ta allon wuri ɗaya domin siginar ta sami hanyar dawowa, haske ya fara jin magana.

Daga nan kuka shiga saiti. Lambar saiti $32 tana kan sifili, wato injin yana ɗaukar kansa a matsayin mai sassaƙa da ƙarfe. Kuka mai da ita 1, wato tsarin leza. Kuka kuma nuna mana dalilin da ya sa hasken ba shi da kuzari: a injin $30, wato iyakar ƙarfin haske, tana kan 1000, a manhajar kwamfuta kuwa iyakar ƙarfi 255 aka sa, don haka ko mun ce ya ba da duka ƙarfinsa, kwata kawai yake bayarwa. Sai batun kusurwa da ke ƙonewa ta yi baƙi. Kuka ce kan leza dole ya rage gudu idan zai yi kwana, umarnin M3 kuwa ba ruwansa, ƙarfi ɗaya yake zubawa ko ana gudu ko ana tsaye. M4 shi ne mai rage haske daidai da raguwar gudu. Tun da muka koma kansa, kusurwar harafi take fitowa tsaf.

Inda na fi jin daɗin zama da ku shi ne wajen da'ira. Mu zana ta zagayayya a kwamfuta, ta fito a fata kamar ƙwai. Wani da ya ce mu yi ta canza lamba har ta yi daidai. Ku kuwa alli kuka ɗauka kuka yi mana lissafi a jikin ƙofa. Moton yana taki 200 kafin ya zagaya sau ɗaya. Direbansa, wato ɗan allon da ke ba shi wuta, mai suna A4988, yana raba kowane taki gida 16, ya zama 3200. Bel ɗin GT2 tazarar haƙoransa milimita 2 ce, fulin da ke jan bel ɗin kuma haƙora 20 gare shi, zagaye ɗaya milimita 40 ke nan. A raba 3200 da 40, a sami taki 80 a kowace milimita. Kuka ce tunda $100 da $101, saitin takin gefen biyu, duka 80 suke nunawa, lambar ba ta da laifi, a nemi ciwon a jikin injin. Aka umarci kan ya yi tafiyar milimita 100, gefe ɗaya ya yi 100, ɗayan ya yi 200. Da aka cire direban gefen, sai ga ɗaya daga cikin 'yan maɓallan uku da ke ƙarƙashinsa bai zauna ba, shi ya sa yake raba taki gida 8 maimakon 16. Abin da bai kai ƙwayar masara ba. Bayan an gyara wannan, bakin da'irar bai cika haɗewa ba, yaronku ƙarami, wanda ban zaci ya san komai ba, ya taɓa fulin da yatsa ya ce sukurinsa ya saki. Ya juya shi ya ɗaure a kan gefen sandar moton da aka shafe, magana ta ƙare. Injiniya, wannan yaro a riƙe shi da kyau.

Sauran ƙananan abubuwa kun bi su ɗaya bayan ɗaya. Moton da ke zafi yana tsallake taki kun daidaita masa wuta a ɗan sukurin da ke kan direba, kuka gargaɗe mu kada mu kuskura mu zare wayar moto alhali da wuta a jiki, domin nan take direban ke ƙonewa. Rubutun da ke fitowa a juye kun gyara shi da $3, saitin da ke juya alƙiblar tafiyar moto. Yankewar da injin ke yi da kwamfuta a tsakiyar aiki, musamman in muna kan janareto, kun magance ta da gajeriyar wayar USB mai kauri, kuka raba ta da wayoyin moto, kuka ce a yi wa firam ɗin waya zuwa ƙasa.

Akwai gaskiyar da kuka faɗa mini wadda ba ta yi mini daɗi ba a lokacin, amma ita ta hana ni asara. A kwalin kan lezar an rubuta wat 40. Kuka auna wutar da yake sha a bolt 12, ba ta ma kai wat 25 ba, kuka ce abin da bai sha 40 ba ta ina zai fitar da 40? Hasken da ke fita bakinsa bai wuce wat 5 da 'yan kai ba. Ya isa rubutu a fata da yankan fatar akuya da siririn katako in an maimaita, amma kada in karɓi kwangilar yankan farar roba mai kama da gilashi. Shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 450 ratsa ta yake yi ya wuce. Wannan aikin na injin mai bututun iskar CO2 ne, wanda haskensa yake kan nanomita 10,600. A makon nan kuwa wani mai yin allunan suna ya zo mini da irin wannan aikin, na ba shi haƙuri tun kafin in taɓa kuɗinsa.

Sai maganar lafiya, wadda a kanta kuka fi tsananta mini. Tabarau na rana ba ya kare ido daga wannan haske, sai wanda aka yi domin wannan zangon, kuma ko ƙyallin da ya dawo daga jikin ƙarfe yana iya lalata ido kafin mutum ya ƙifta. Kuka ce in yi masa akwati mai murfi, tunda shagona yara na shiga, in sa fanka mai jan hayaƙi waje, kada kuma in bar shi yana aiki in tafi ko da masallaci ne, domin wuta ce a kan fata da katako.

Abin da ya shafi sana'ata kai tsaye shi ne bambancin fata. Kasuwa cike take da roba mai kama da fata, da yawanta kuma PVC ce. Kuka ce in leza ta ƙona ta, hayaƙin da ke tashi mai sinadarin kulorin ne, yana cin huhu, yana kuma sa ƙarafan injin tsatsa. Kuka koya mini gwaji: a gasa wayar jan ƙarfe ta yi ja, a dangwala ta a jikin kayan, a mai da ita cikin harshen wuta a waje inda iska ke kaɗawa, in wutar ta yi kore, kada a kusantar da shi injin. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom ma kun ce in guje ta. Wadda kuka ce ta fi dacewa ita ce jimar gargajiya, ta bagaruwa, irin wadda majemanmu suka gada. Na yi dariya a raina da na ji injin da kwamfuta ke tuƙawa ya zaɓi fatar kakannina. Rubutu a kanta yana fitowa ruwan ƙasa mai duhu, ba ya buƙatar fenti.

Kuɗin da kuka karɓa na waya da direba ɗaya ne da ɗan ladan aiki, bai kai abin da na ware ba. Kuma kun sa ƙanena ya rubuta duka saitin a littafi, ya ajiye kwafi a kwamfuta, don ko allon ya ƙone ba sai mun dawo muku ba. A garin nan an san masu gyaran da ke juya wa mai kaya baya in za su taɓa wurin ciwon, don kada ya gani. Ku kun ba mu mitar a hannu kuka ce mu auna da kanmu.

Injin yana aiki. Famfon iska irin na tankin kifi da kuka ba da shawara ya rage baƙin da ke gefen yanka, gilashin bakin lezar kuma ina goge shi kullum da auduga da sifirit kamar yadda kuka ce, tunda ƙurar hunturu ta fara sauka. Saura maɓallan iyaka da ke sa injin ya san inda zai tsaya, waɗanda kuka ce a bari sai akwatin ya kammala. Kafinta ya yi alkawarin ƙarshen wata, in ya cika zan kawo muku shi. Zan kuma taho da jakar kayan aiki ta jar fata da nake ɗinka wa Injiniya, da ƙarama ta yaron da ya gano sukurin.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa shago albarka, ya raya zuri'a. A gaida mutanen gida.

Wassalam.

Naku,
Wani baduku daga cikin birnin Kano