A daina koya wa yara haddar "ƙasa da, shafe ƙasa"

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana malaman lissafi.

Ina koyar da darasin yamma ga masu shirin WAEC da NECO a nan Jos. Duk sa'ad da muka zo kan zana rashin daidaito (lissafi mai alamar "ƙasa da" ko "sama da") a takardar giraf, sai in tarar an riga an cusa wa yara wata hadda: in alamar ta ce "ƙasa da", a shafe ƙasan layi, in ta ce "sama da", a shafe sama. Wannan hadda tana kayar da su. A ba yaro x − y < 2, nan take zai shafe ƙasa, alhali amsar tana sama. Da ya saka sifili a gurbin x da y, zai ga 0 bai kai 2 ba, magana ta tabbata, ke nan ɓangaren da ɗigon (0,0) yake shi ake nema. Sai fa in layin ya bi ta kan ɗigon, to a gwada wani, kamar (1,0).

Ni da kasuwar Farin Gada nake fara musu. A ce Hajiya ta riƙo naira 60,000, kwandon tumatir 10,000, buhun attaruhu 15,000. In x ne yawan kwanduna, y kuma yawan buhuna, a dubbai, 10x + 15y ≤ 60. Tumatir zalla, kwando 6. Attaruhu zalla, buhu 4. A sa ruler a haɗa ɗigon biyu, wato (6,0) da (0,4). Kwando 3 da buhu 2 sun faɗa kan layin cif, kuɗi sun ƙare tas, shi ya sa ake jan layin ɗoɗar. Amma in ta ce lallai sai ta rage ko na Keke ne, layin ya zama mai tsinke-tsinke, domin kansa ba ya cikin amsa. Kuma ba wanda ke sayen kwando ƙasa da sifili, don haka zanen ba ya fita daga kusurwar dama ta sama. Yaron da ke taya mahaifinsa zaman rumfa ba ya wahalar gane wannan.

Wata matsalar kuma, wasu littattafan ɓangaren da ake so suke shafewa, wasu kuwa wanda ba a so. Don Allah malamai, a saba wa yara su rubuta a cikin zanen wane ɓangare suke nufi, kada mai maki ya yi ta canki-canki.

Malamin lissafi,
Unguwar Rogo, Jos